Mudun Inna Briskila

A kasuwar Kaltungo, gindin wata ɗorawa,
Inna Briskila ta shekara talatin tana awo.
Dawa, gero, wake, in kaka ta yi kyau har da gyaɗa.
Mudunta ya lotsa a gefe
tun ranar da jakin Yila ya taka shi.
Ba ta sake wani ba.

Ina ɗan shekara bakwai, mai tsaron bakin buhu,
na jiyo a makarantar Lahadi wai Allah babba ne.
Na taho da tambayar a kunci kamar alewa:
"Inna, Allah mudu nawa ne?"
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Ta miƙo mini mudun, ta nuna dutsen Kilang da haɓa:
"Je ka auno mini wancan tukuna.
In ka gama, ka haɗo da iskar da ke kansa."

Na girma ina awo.
Na auna kuɗin makaranta, ya fi ƙarfin rumbunmu.
Na auna kwanakin da Baba ya yi bai dawo ba.
Wani dare a ɗakin haya a Gombe
na zube laifina mudu-mudu gaban Ubangiji,
na ce wannan kam ya wuce abin yafewa.
Ashe ni na ƙera wa jinƙai kwano
daidai faɗin tsorona.

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na tsaka da bunni,
'yan awo suka koma shafe bakin mudu da tafi.
Inna tana cikawa ya yi tozo,
ta ɗebo gyara ta ɗora.
Suka ce, "Briskila, gyara a bana?"
Ta ce, "Wanda yake auna mini
ban taɓa ganin ya shafe baki ba."

Kowane abu na sani yana da baya.
Bayan gida akwai gona,
bayan Kilang akwai wani ƙauye da nasa karnukan,
bayan shekara akwai wata.
Kai kaɗai na zaga, na zaga, ban iske bayanka ba.
Kafin a sa wa rana suna kana nan.
Amma ga abin da ya fi ɗaure mini kai:
kai da sammai suka yi wa kaɗan
ka kwanta a komin dabbobi,
mace ta ɗauke ka da hannu biyu,
aka auna maka itace daidai tsawon mutum
ka yarda ka hau.

Da Inna ta kwanta a asibiti
na zauna ina ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara mata.
Da asuba ƙirgen ya tsaya.
Kefas kafinta ya zo da igiyar awonsa,
ya ce ƙafa biyar da ɗan kai.
Ke nan? Duk dariyar nan, duk gyaran nan?
Matan zumunta suka buga tulu suna rakiya,
ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa.

Mudun ne gadona.
Daren da aka share makoki na manta shi a tsakar gida,
sai ga ruwa.
Ina jin sa yana ƙara, ƙwal, ƙwal, sannan ya yi shiru.
Ya cika.
Ruwan bai san ya cika ba.
Ya ci gaba da zuba a kan rufin majami'a,
a kan gonar wanda ya yi addu'a da wanda bai yi ba,
a kan sabuwar ƙasar da muka rufe ta da ita,
har can inda idona bai taɓa zuwa ba.

Da safe na ɗauko shi a hankali, yana zuba a yatsuna.
Iyakar abin da zan iya riƙewa ke nan, ya Uba.
Sauran yana wurinka.